Sayen na'urar awon gona a Kano

Ƙungiyarmu ta manoma a Azare ce ta tara kuɗi ta tashe ni Kano in sayo na'urar GPS ta hannu, don rigimar iyakar gona ta ishe mu. Daga Jama'are zuwa Birnin Kudu ba wani labari. Cunkoso daga Wudil ya fara, kafin mu sauka Unguwa Uku la'asar ta yi sanyi. Abin da ɗan adaidaita sahu ya karɓa daga nan zuwa Gwammaja, a Azare sai ɗan acaɓa ya wuni yana zagayawa da kai. A Kano kuwa tun 2013 aka hana acaɓa, dole ka biya.

Gidan Kawu na sauka, ƙanen mahaifiyata, tsohon safiyo da ya yi ritaya. Washegari ya ce ba zai bar ni in shiga kasuwar waya ta Farm Centre ni kaɗai ba, wai fuskata ta nuna baƙo.

Sai da muka zaga sosai kafin muka dace da wani mai shago da ya zaro wata tsohuwar Garmin daga ƙasan durowa, duk ƙura. Ya sa batir, ta kunnu, ta tsaya tana neman tauraro ba ta samu ba. Ya jijjiga ta, ya kashe, ya sake kunnawa, shiru. Ya ce, "Alhaji, ka dai gani, ba ta kamawa. Kawo dubu 45 ka kai wa mai gyara." Har na kai hannu aljihu, Kawu ya riƙe ni. Ya ce wa mai shagon, "Ɗana, kayanka lafiyarsa ƙalau. Rufin kwano ne a kanka, kuma ta daɗe a ajiye. Zo mu fita waje." Na ji kamar in taka masa ƙafa.

Muka tsaya a filin ajiye motoci, rana na dukanmu, Kawu ya ɗora na'urar a tafin hannu ya hana kowa taɓawa. A nan ya buɗe mana karatu. Taurarin GPS na Amurka suna can sama da kilomita 20,200, kowanne na zaga duniya sau biyu a kwana guda, kuma duk a mitar rediyo ɗaya suke magana da irin wannan na'ura, wadda ake kira L1, megahaz 1575.42. Kafin siginar ta iso ƙasa ta yi raunin da hayaniyar da ke cikin na'urar kanta ta fi ta ƙarfi. Mai shagon ya ce to ta yaya ake jin su? Kawu ya ce, "Ka taɓa tsayawa Ƙofar Kudu ranar hawan daushe? Makaɗa na ta kiɗa lokaci guda, amma yaron hakimi yana tsintar taken ubangidansa a ciki, don ya haddace shi. Kowane tauraro da takensa."

Taken nan jerin sifili da ɗaya ne guda 1,023, ana ce masa C/A, yana maimaita kansa sau dubu a sakan ɗaya. An zaɓo jerin ne daga lissafin wani Ba'amurke, Robert Gold, yadda na wannan tauraro ba zai yi kama da na wancan ba. Na'urar tana ƙirƙiro irin jerin a cikinta, ta yi ta matsar da shi gaba da baya har ya hau daidai kan wanda ke saukowa. Yawan matsarwar shi ke nuna mata daɗewar siginar a hanya, daga nan ta san nisa. Kowane ɗigo ɗaya na jerin ya kai tsawon mita 293 a tafiyar haske, don haka ɗan kuskuren agogo sai ya jefa ka gonar maƙwabci. Shi ya sa take buƙatar taurari huɗu: uku don wuri, na huɗun don gyara agogonta, tunda agogon atam na jikin taurarin ne, nata na kasuwa ne.

Sanduna suka fara tasowa a fuskar na'urar, ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta ba da wuri ba. Mai shagon ya fara murmushin "na faɗa muku". Kawu ko a jikinsa. Ya ce a kan taken akwai wani saƙo da ake ɗorawa, mai tafiyar hawainiya, bit 50 kacal a sakan (bit shi ne sifili ko ɗaya guda). Shafi ɗaya bit 1,500 ne, sakan 30 ke nan, an raba shi gida biyar. Gidan farko gyaran agogon tauraron, na biyu da na uku ainihin inda yake a sama, na huɗu da na biyar kuma guntu-guntun jadawalin sauran taurarin. Kafin jadawalin ya kammala sai shafi 25 sun wuce, minti 12 da rabi. Wadda ta kwana biyu a durowa ba ta san ta ina za ta fara nema ba, ga shi ana ta kashe ta ana katse mata karatu. Waya kuwa ta intanet take samun bayanan nan, shi ya sa take kamar ta fi wayo.

Can sai ga shi: arewa digiri 12 ba kaɗan, gabas digiri 8 da rabi. Kawu bai saki ba sai da ya duba kwanan wata. Ashe a tsohon saƙon bit 10 kawai aka ware wa ƙidayar makonni, iyakarsa mako 1,024 ya koma sifili. Hakan ya faru a Agustan 1999, ya sake faruwa 6 ga Afrilun 2019, wasu tsofaffin na'urori suka koma nuna shekarun baya. Tamu ta nuna daidai.

Farashi kuwa nan take ya tashi zuwa dubu 90. Aka yi ta ja, har da su "wallahi ban ci komai ba", aka tsaya a 70, ya ƙara mana jaka da batir. Kuɗin ƙungiya ne, kuma na san tambayar da ke jirana a gida. Da na yi ƙorafi a hanya, Kawu cewa ya yi da abin da aka saya a kan rashin sanin mai shi ba za a raba iyakar bayin Allah ba. Ban ce komai ba, amma dubu 25 ba wasa ba ce. Abin da zan yaba wa ɗan kasuwar Kano shi ne ba ya fushi da ciniki. A wajenmu ka taya kaya rabin kuɗi, sai a yi sati ba a gaishe ka ba.

Da yamma muka hau Dala don gwaji. A gindin dutsen wani mai gadi ya tare mu, ba ko sallama, wai me muke aunawa, wa ya ba mu izini. Furfurar Kawu ma ba ta sa ya sassauta murya ba, sai da ya ga katin tsohon ma'aikaci. A sama na'urar ta cika da taurari. A lungunan Kurmi kuwa ta yi ta tsalle, don siginar na bugun bango kafin ta iso, hanyarta ta ƙara tsawo. Kawu ya gargaɗe ni da awo bayan magariba, domin a yankinmu saman iska na hargitsewa in rana ta faɗi. Manyan na'urorin safiyo suna sauraron L1 da L2, mita ta biyu da taurarin ke magana a kai, tare su cire yawancin kuskuren saman iskar, tamu L1 kaɗai take ji, don haka ta awon gona ce, ba ta kafa dutsen fuloti ba.

Gurasa bandashe da na ci a Jakara ita kaɗai na samu da araha. Kwari na leƙa don atamfar uwargida, na ji kuɗi na fito. Mota ta cika da wuri a Unguwa Uku, na yi azahar a Birnin Kudu. Ranar Asabar za mu fara da gonakin fadama, da hantsi.