Inda Ake Gyara Poomsae

Shuri ne ke kawo yawancin mutane ajin Taekwondo. Sun ga yadda Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciwo wa Nijar lambar azurfa a gasar Olympics ta Rio a 2016, ko Chika Chukwumerije da ya samo wa Najeriya tagulla a ta Beijing a 2008, sai su zo da burin ƙafarsu ta riƙa kaiwa kan abokin karawa. Da an ce a yi sahu a yi poomsae, sai ka ga an ɓata rai. Ni kuwa a wannan ɓangaren na fi daɗewa, kuma a nan na fi ƙaruwa.

Poomsae jerin motsi ne da aka riga aka tsara: tsayuwa, karewa, naushi da shuri, mutum shi kaɗai yana fafatawa da abokan gaba da ido ba ya gani. A tsarin Kukkiwon, cibiyar wasan da aka buɗe a Seoul ta Koriya ta Kudu a 1972, ɗalibi yana bin poomsae guda 8 da ake kira Taegeuk kafin ya samu baƙar ɗamara, wato alamar ƙwarewa, daga Il Jang zuwa Pal Jang, sannan ya shiga wasu 9 da suka fara da Koryo suka ƙare da Ilyeo.

Riƙe jerin ba shi da wuya. Il Jang motsi 18 ne kacal, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa zai riƙe shi ba da jimawa ba. Sai dai abin kamar karatun allo ne: hadda daban, fitar da kowane harafi daga mafitarsa daban. Wanda ya haddace jerin bai gama ba, yanzu ne ma ya samu abin da zai yi aiki a kansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ba a kan naushin ko shurin ake gyara poomsae ba, a tsakaninsu ake gyara shi. Ɗauki farkon Il Jang. Ka juya hagu ka kare ƙasa, ka taka ka kai naushi, sannan ka yi juyin baya gaba ɗaya zuwa dama. A wannan juyin ne komai ke lalacewa. Wani zai juya a kan diddige maimakon gaban tafin ƙafa. Wani zai ɗago jiki kamar zai leƙa katanga, sannan ya sake sauka. Wani kuma hannunsa zai riga ƙafarsa isa, sai karewar ta fita ba nauyi, tun da jikin bai biyo ta ba. Abin da ake so shi ne ido ya kalli inda za a je, hannu ya haɗu a kafaɗa tun ana cikin juyin, ƙugu ya murɗa, ƙafa da dunƙulen hannu su tsaya a lokaci guda. Hannun da ke komawa ƙugu ma aiki yake yi, ba rakiya ya zo ba, da ƙarfin janyewarsa ake samun ƙarfin wanda ya fita.

Malaminmu yakan sa alli ya yi ɗan gicciye a siminti inda mutum ya tsaya kafin a ce "sijak", wato a fara. An tsara Taegeuk ne yadda za ka ƙare a inda ka fara, don haka idan aka ce "baro", wato a koma tsayuwar farko, sai kowa ya dubi ƙasa. Idan ka wuce gicciyen da taku guda, ba ya yi maka faɗa. Cewa yake yi, "To, ɗana, ina ka baro takun nan? Je ka nemo shi." Kuma kusan kullum a doguwar tsayuwa ake samunsa, wato ap kubi: na tafiya ya yi tsawo, na dawowa ya gajarta saboda cinya ta fara zafi. Allin nan ya koya mini cewa abin da jiki ke ji da abin da jiki ke yi sukan sha bamban. Haka ma ɗaukar hoton bidiyo da waya. Kana jin bayanka a miƙe yake, sai ka kalla ka ga kafaɗa ta karkace.

Sannan akwai maganar gaggawa. Maimaita poomsae daga farko zuwa ƙarshe sau da yawa yana da daɗi, gumi ya zubo, mutum ya ji ya yi aiki, amma sau tari kuskurensa kawai yake ƙara kafewa. Ya fi amfani a yanko motsi biyu ko uku, a yi su a hankali har ƙafa ta fara rawa, domin a sannan ne ake gane inda sauri ke ɓoye rashin daidaito. Tsayuwar baya, dwit kubi, da ake fara haɗuwa da ita a Sam Jang, tana son kusan kashi 70 cikin 100 na nauyi ya zauna a ƙafar baya. Da gudu kowa zai iya wucewa ta kanta. A hankali kuwa sai wanda ya zauna a cikinta da gaske.

Alƙalan gasa ma haka suke kallon abin. Tun bayan da aka fara gasar poomsae ta duniya a Seoul a 2006, ɓangaren ya samu masu bin sa na musamman, kuma cikin maki 10 da ake bayarwa, 4 ne na daidaiton motsi, 6 na yadda aka gabatar: ƙarfi da sauri, tafiyar lokaci, da kuzarin da ke fita daga mai yi. Ƙaramin kuskure yana cin 0.1, babba 0.3. Wannan rabon ya yi mini daidai, don na sha ganin wanda bai yi kuskure ko ɗaya ba amma poomsae ɗinsa ba rai, duk motsin nauyinsu ɗaya, ba inda ya sassauta ba inda ya fashe.

Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga mai baƙar ɗamara ya raina Il Jang don ya kai Koryo. A Koryo yawan motsi da shurin gefe na iya ɗauke hankalin mai kallo. A Il Jang ba wurin ɓuya, daga taku sai karewa sai naushi da shurin gaba. A ajinmu, duk ranar da za a yi Koryo, da Il Jang ake farawa, manya da ƙanana a sahu ɗaya, kowa da gicciyensa a ƙasa.