Yadda na yi digiri a New York ina gadin dare

Na sauka New York a ƙarshen shekarar 2015 da bizar cacar nan ta Amurka, ina riƙe da takardar bak, wato shaidar kammala sakandare, da na samu a Maraɗi da kuma lambar wayar wani ɗan unguwarmu da ke zaune a Bronx, wani yanki na birnin. Faransanci na iya, Turancina kuwa bai wuce na gaisuwa da tambayar hanya ba. Mu huɗu muke kwana a ɗaki ɗaya, kuma kafin wata uku na yi ɗan kwas, na karɓi lasisin gadi, na fara tsaron wani gini daga sha ɗaya na dare zuwa bakwai na safe.

Wani dattijo ɗan Ghana da muke salla tare shi ya fara ce mini kada in bari gadi ya zama sana'ata ta har abada. Ya kai ni shirin koyon Turanci na jami'ar birnin, wato CUNY, wanda ake kira CLIP, inda ake zaman aji awa 25 a mako. Daga wurin aiki nake wucewa aji da kayan gadina a jiki, in wanke fuska a banɗakin makaranta, in zauna a layin gaba domin kunyar malama ta hana ni gyangyaɗi.

A 2017 na shiga Bronx Community College, inda kuɗin makaranta ga mazaunin jihar yake dala 4,800 a shekara. Na daɗe ina jin tsoron wannan adadi, ashe shi ne mafi sauƙin abin da ke gabana. Da yake ina da katin zama na dindindin, na cike fom ɗin neman tallafin karatu da ake kira FAFSA, tallafin Pell na gwamnatin tarayya da na TAP na jiha suka ɗauke nauyin, kuma duka biyun kyauta ne, ba rance ba. Shirin ASAP na tallafa wa ɗaliban CUNY ya ƙara mini da katin jirgin ƙasa da taimakon littattafai da mai ba da shawara, bisa sharaɗin in riƙa ɗaukar cikakken karatu, wato aƙalla kiredit 12 a zango (kiredit shi ne ma'aunin da ake ƙirga yawan darussa da shi).

Abin da ya kusa kayar da ni shi ne lokaci, kuma lokacin nan gida nake sayar wa. Duk wanda ya fito waje ya san yadda wayar ƙarshen wata take: ga kuɗin hatsi, ga maganin Inna, ga bikin ƙanwa, ga wanda kawai ya ji an ce kana Amurka. Ba na iya cewa a'a, sai in karɓi ƙarin awoyi a ranakun Asabar da Lahadi. A zango na biyu na shiga jarrabawar lissafin ƙididdiga bayan dare biyu ban runtsa ba, na karanta tambaya ta farko sau huɗu ban gane abin da take nema ba, na kuma faɗi kwas ɗin. Laifin nawa ne ni kaɗai, domin an sha gaya mini akwai ɗakin da ake koyar da ɗalibai kyauta, girman kai ya hana ni zuwa, ina ganin wanda ya ci bak bai kamata a zaunar da shi ana nuna masa lissafi ba.

A daren da sakamako ya fito na kira mahaifina. Na ce, "Baba, ku yi mini haƙuri, abin da nake aikowa zai ragu da rabi har in gama karatun nan." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya tambaye ni shekara nawa ke nan. Na ce kamar huɗu. Ya ce, "To, mun ci tuwo kafin ka tafi, za mu ci kafin ka gama. Allah ya yi albarka." Wasu daga cikin dangi ba su ɗauki maganar da sauƙi haka ba, har aka ce na auri Baturiya na manta da gida, amma daga ranar na daina aikin ƙarshen mako, na maimaita kwas ɗin, na zama ɗan gida a ɗakin koyarwar da na raina.

Na kammala kiredit 60 a 2019, na koma Lehman College domin karatun akanta, inda kuɗin shekara ya kai dala 6,930. A watan Maris na 2020 annobar korona ta mayar da darussa intanet, kuma da yake ɗakinmu ba ya shiru, a teburin gadi nake sauraron laccar da aka naɗa, ido ɗaya a kwamfuta, ɗaya a kan allon kyamarori. Na cika kiredit 120 ɗin da ake buƙata domin digiri a 2022, shekara guda bayan wa'adin da na yi wa Baba.

Da na aika masa hoton hula da riga, ya kira ya ce, "To, yanzu an gama ke nan?" Na ce masa lasisin ƙwararren akanta, wanda suke kira CPA, a lokacin sai da kiredit 150, saura 30. Ya yi dariya, ya miƙa wa Inna wayar.