Liyari mai shekarar 1780 da yadda nake ƙiyasta darajarsa

Duk wanda ya shiga harkar tara tsofaffin kuɗin azurfa a Kano, ko ba daɗe ko ba jima zai ci karo da liyari, mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya a fuska ɗaya da mikiya mai kai biyu a ɗaya fuskar. Fataken da ke ratso Sahara daga Tarabulus suna cikin waɗanda suka riƙa shigo da shi tun zamanin da ake ciniki da wuri, kuma har yau ana samunsa wurin masu sayar da kayan tarihi a Kasuwar Kurmi.

Abin da ke ruɗar sabon shiga shi ne shekarar 1780 da ke jikinsa. A shekarar ce sarauniyar ta rasu, amma da yake 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha sun riga sun aminta da wannan siffa, sai aka ci gaba da buga shi ba tare da an taɓa shekarar ba, a Biyana, babban birnin Ostiriya, daga baya har a Rum da Landan da Bombai, har adadinsa ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Saboda haka idan dillali ya nuna mini 1780 yana cewa ya haura shekara ɗari biyu, murmushi kawai nake yi. Wanda ke ɗauke da shekarar da ta gabaci 1780 shi ne mai wuyar samu.

Da ma'auni nake farawa. Na gaskiya yana da nauyin giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 83 cikin ɗari azurfa ce, wato kimanin giram 23, kuma kuɗin wannan azurfar shi ne mafi ƙarancin darajarsa. Maganaɗisu ba ya kama shi. Daga nan sai in juya gefensa, inda haruffa suke a tashe, domin a nan ne jabun da aka zuba a ƙira yake tona wa kansa asiri, haruffan su fito a dagule. Abin da ke ɗaga farashi bayan wannan shi ne lafiyar zanen, musamman 'yan duwatsun da ke jikin maɗaurin kafaɗar sarauniyar, waɗanda su ne ke fara goguwa. Wankewa da toka da lemon tsami, kamar yadda wasu ke yi don ya yi ƙyalli, rage masa kuɗi take yi.

Inda na saɓa wa kasuwa shi ne batun wanda maƙeran fari suka huda ko suka liƙa wa zobe don mata su rataya a wuya. Masu saye daga ƙasashen waje suna karya farashinsa saboda hujin, ni kuwa ina iya ƙara wani abu a kan kuɗin azurfarsa, idan aikin ƙirar tsoho ne kuma mai shi ya san gidan da ya fito.