Yadda na fara cika harsashi da hannuna a Texas

Bari in fara da wannan tun kafin wani ya fahimce ni a baibai. Abun da zan ba da labari a Amurka na yi shi, a jihar Texas inda nake zaune da iyalina, kuma a nan dokar tarayya ta yarda wanda ya halatta ya riƙe bindiga ya cika harsashin da shi kansa zai harba ba sai da lasisi ba, amma ranar da ka ce za ka fara sayarwa to sai ka nemi lasisi. A Najeriya kuwa dokar makamai ta hana mutum ya haɗa harsashi a gida, kuma duk wanda yake da ɗan'uwa a Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari ba sai an yi masa bayanin dalili ba. Shi ya sa ba za ku ga na rubuta sunan albarushi ko yawan da ake zubawa ba, da gangan na bar shi.

Kakana maharbi ne a wani ƙauye a ƙasar Zazzau, bindigar toka gare shi, irin wadda ake ɗura mata ta baki. Ina yaro na sha ganinsa yana zuba albarushi a tafin hannu ya dube shi da ido kawai ya ce ya isa. Akwai abokin farautarsa da bindiga ta fashe a hannunsa, yatsu uku suka rage masa a hagu, mu yara har tsoron gaishe shi muke. Da na zo ƙasar nan na samu takardar zama, na yi kwas ɗin koyon farauta da jihar ta wajabta ma duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971, na sayi bindigar farautar barewa mai cin harsashin .308 Winchester, ban taɓa kawo ma raina cewa wata rana zan cika harsashi da kaina ba saboda hannun mutumin nan bai taɓa fita daga idona ba.

Maƙwabcina ne ya ja ni. Dattijo ne Bature, ya haura saba'in, ya yi ritaya daga aikin sassaƙa ƙarfe da inji, ni dai Baba nake ce masa har ya saba yana amsawa. A 2021 lokacin da harsashi ya yi wuya a shaguna bayan korona, ka je ka tarar da kanta wayam, na yi masa ƙorafi sai yace in shigo garejinsa in ga yadda yake cika nasa harsashin da kansa. Na zata ranar zai ba ni injin in fara, ashe littattafai biyu zai miƙo min, na kamfanin Lyman da na Hornady, yace in je in karanta duk bayanin farko kafin teburan lissafin yawan albarushi, in na gama in dawo. Sati biyu na yi ina karantawa bayan sallar isha, gaskiya raina ya ɗan sosu a lokacin, amma yanzu duk wanda ya tambaye ni abun da zai fara saya, littafi nake ce masa.

Harsashi abu huɗu ne: kwanso na tagulla, firaima wato ɗan maɓallin da ke gindi wanda allurar bindiga ke buga ya ba da wuta, albarushi, sai kan harsashin da ke fita. Kwanson ne ya fi tsada kuma shi ne ake iya sake amfani da shi, to asalin sana'ar kenan. Baba ya sa na sayi injin matsi mai yin aiki ɗaya a lokaci ɗaya, RCBS Rock Chucker, yace masu yin abubuwa da yawa a jan hannu ɗaya ba na ɗan koyo ba ne don ba za ka ga inda ka yi kuskure ba. Da sikeli da ma'aunin tsawo da abun datse kwanso da sauran tarkace na kashe sama da dala 500, kuma wanda ya ce maka za ka yi tattalin kuɗi, to eh kowane harsashi ya fi araha amma sai ka tarar harbin naka ya ninka, aljihun dai bai huta ba.

Abun da ya fara girgiza ni shi ne awo. Da giren ake auna albarushi, giren 7000 ne laba ɗaya, giram ɗaya kuma ya ɗan haura giren 15, sikelin kuma yana nuna har kashi ɗaya cikin goma na giren. Hukumar SAAMI mai sa ƙa'idar harsasai a Amurka ta sa iyakar matsin da albarushi ke tayarwa in ya kama a cikin .308 a psi 62,000, psi shi ne awon da ake auna iskar taya da shi, tayar motarka kuwa talatin da ɗan wani abu take ɗauka, kuma wannan matsin yana tashi ne kusa da kuncinka da idonka. Ranar da na fahimci haka na zauna shiru ina tuna tafin hannun kakana, Allah Ya jiƙansa, Allah ne kawai Ya tsare shi. Ko da yake albarushinsu baƙi ne irin na da, wannan na zamani marar hayaƙi wani abu ne daban, ba a yi masa awon ido ko kaɗan. Ƙa'idar Baba: ka fara daga mafi ƙarancin abun da littafi ya ce, ka hau a hankali kana duba kwanson bayan kowane harbi, in ka ga firaima ta baje ko sakatar bindiga, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a ciki, ta yi tauri wajen buɗewa to ka tsaya nan. Kuma gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur, don na ƙaramar bindiga yana ci da sauri sosai, in ya shiga kwanson babbar bindiga bisa kuskure fashewa za ta yi.

Kurakuran farko ƙanana ne. Na manta ban shafa ma wani kwanso mai ba kafin in tura shi cikin bututun da ke mayar da shi girmansa, ya maƙale, na ja da ƙarfi gindin ya yage, sai da Baba ya huda shi ya zaro da kusa mai zare. Washegari na cika man da yawa sai kafaɗar kwanson ta lotsa. Na tsinto kwansuna a filin harbi ina murna na samu na banza, ashe wasu irin Berdan ne masu rami biyu a ciki maimakon ɗaya a tsakiya, allurar cire firaima ta karye. Tun daga nan na daina tsintar abun da ban san sau nawa aka harba shi ba. Sai maganar tsawo, kwanso yana ƙara tsawo in ana ta harba shi ana matsewa, na .308 kar ya wuce inci 2.015, ana datse shi zuwa 2.005, in ya yi tsawo bakinsa zai cije kan harsashin a cikin bindiga matsi ya hau.

Babban kuskuren a wata na uku ya zo. Ina da kwanso ashirin a jere a kan katakon da ake jera su, ina zuba albarushi ɗaya bayan ɗaya, sai waya ta yi ƙara, Hajiyarmu ce daga Kaduna a WhatsApp, kuma kun san ba a ƙin ɗaga kiran uwa. Muka yi kusan minti ashirin ana maganar bikin ƙanwata, na dawo na ci gaba daga inda nake ganin na tsaya. Baba ya koya min cewa kafin a ɗora kan harsashi sai an haska tocila a cikin kowane kwanso an ga albarushin ya kai tsayi ɗaya a dukansu, ranar ban yi ba, magariba ta gabato ina sauri, nace ai na san abun da na yi.

Ran Asabar muna filin harbi, allo a yadi 100, na harba shida lafiya lau. Na bakwai na ja kunama sai na ji wani ɗan sauti "fut" kaman an buɗe kwalbar lemo, bindigar ba ta ko motsa kafaɗata ba. Da abun toshe kunne a kunnena na zata bai tashi ba ne kawai, na jira kaɗan na buɗe, kwanso ya fito, hannuna ya riga ya kai kan na gaba sai na ji Baba ya damƙe min wuyan hannu, wallahi ban san dattijon nan yana da ƙarfi haka ba. Bai ɗaga murya ba, yace cire sakatar gaba ɗaya ka leƙa. Na leƙa ta baya, duhu, babu hasken da ya kamata in gani a ɗaya bakin. Kwanson babu albarushi, firaima ce kaɗai ta tura kan harsashin ya shiga bututun bindigar ya tsaya. Da na gaba ya shiga na harba a bayansa, to Allah kaɗai Ya san abun da zai rage na bindigar da fuskata. Da sandar goge bindiga ya turo shi waje ya sa min a tafin hannu, jikina na rawa har muka iso gida ban iya cewa komai ba sai innalillahi a zuci.

Daren nan na kwance sauran sha ukun duka da wata 'yar guduma ta roba da ake cire kan harsashi da ita, na sake auna kowanne. Duk daidai suke, wancan ɗayan ne kawai na tsallake. Yanzu in zan shiga gareji waya tana falo, na gaya ma Hajiya da maman yara cewa in ba a same ni ba na awa ɗaya ina can ne, in kuma dole ta sa na tashi a tsakiyar aiki to duk abun da ke kan katako sai na juye na faro daga farko. Ba na cikawa in na dawo daga aiki a gajiye, ba na yi da azumi da yamma. Ina da littafin rubutu da nake sa kwanan wata da kayan da na yi amfani da su da sau nawa aka harba kowane rukunin kwanso, kowane akwati kuma da takardarsa a manne.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne dalma. Yawancin firaima akwai sinadarin dalma a ciki, ƙurar da ke fita wajen wanke tsofaffin kwansuna tana ɗauke da ita, ni kuma ina da yarinya 'yar shekara huɗu mai sa komai a baki. Don haka gareji a kulle yake, ba na cin komai a teburin, ina wanke hannu da sabulu in canza riga kafin in ɗauke ta. Albarushin yana cikin gwangwaninsa na asali a wuri mai sanyi nesa da firaima, don zafin Texas a gareji lokacin bazara ba wasa ba ne. Tabarau na kariya kuma ko firaima ɗaya zan sa sai na saka shi.

Na ɗauki kusan wata shida kafin na samu haɗin da bindigata ke so, harbi biyar suna taruwa a wuri da bai fi inci ɗaya ba a yadi 100, abun da harsashin shago bai taɓa ba ni ba. A Nuwamban shekarar muka fita da Baba gonar wani abokinsa da asuba, sanyi kaman na hunturun Zariya, wajen ƙarfe bakwai namijin barewa ya fito bakin itatuwa, na yi bismillah na harba sau ɗaya, bai yi taku goma ba ya faɗi, na ruga na same shi da sauran rai na yanka. Maman yara ta yi dambun nama da cinya ɗaya, ɗayar na kai ma Baba, shi kuma da ya ɗanɗana dambun sai da ya sa ta rubuta masa yadda ake yi.