Allurar Geji Ta Yi Saurin Hawa

Yau da asuba babban janareton dizal na wajen aikinmu ya ƙi tashi. Irin wanda ba batir ke tayar da shi ba ne, matsin man da ake tarawa a cikin wani tulu mai iskar naitirojin ke juya sitatarsa. Bugu kaɗan aka yi wa famfon hannu mai cusa man cikin tulun, allurar gejin auna matsi ta kai 3000, amma ana buɗe bawul sai sitata ta yi gurnani ɗaya ta mutu. Baba makaniki ko sifana bai ɗauka ba. Ya ce, "Ɗana, allurar nan ta yi saurin hawa. Iskar naitirojin ta cikin tulun ce ta zurare, babu abin da zai tura man." Wallahi haka aka tarar, robar bakin tulun ta tsage.

Abin da ke damuna, babu yaro ko ɗaya da ke koyon aiki a hannunsa.