Inda ƙwayar fata ke maƙalewa a hanyar komawa tushe

DNA ɗin da ke cikin ƙwayar halittar fata shi ne dai a cikin ta ƙwaƙwalwa. Abin da ya raba su shi ne wane sashe ke buɗe, wane ke kulle. A fata, ƙwayoyin gadon da ke aiki a ƙwayar tushe, wato ƙwayar da ke iya zama kowace irin ƙwayar jiki, suna nannaɗe tamau a jikin furotin ɗin histon, ga kuma alamar metil an liƙa musu, don haka ba a karanta su.

A 2006, a Jami'ar Kyoto, Shinya Yamanaka ya gwada ƙwayoyin gado 24 a kan ƙwayoyin ɓera, yana neman waɗanda za su mayar da su ƙwayoyin tushe, ya yi ta tacewa har saura huɗu: Oct4, Sox2, Klf4 da c-Myc. Furotin ɗin ukun farko na iya kama DNA ko yana nannaɗe, su sassauta shi. Shi kuwa c-Myc, inda aka riga aka buɗe yake sauka, ya hanzarta rabuwar ƙwayar.

Ana shigar da waɗannan huɗun cikin ƙwayar fata ne ta hanyar bairos. A kwanakin farko, ƙwayoyin fatar, waɗanda dogaye ne sirara, sukan dunƙule, su manne da juna saboda E-cadherin, furotin da ke manna ƙwayoyi, ya ƙaru. A ƙwayoyin mutum, sai an yi mako uku zuwa huɗu kafin a ga gungu mai santsin baki. Da hanyar Yamanaka ta farko, ko ƙwaya ɗaya cikin dubu ba ta kaiwa. Furotin p53 na ɗaukar wannan rabuwar gaggawa a matsayin haɗari, sai ya tsayar da ƙwayar ko ya kashe ta.

Amma matsalar da ta fi yaudara tana can gaba. Gungu zai yi kyau a ido, alhali Nanog da Oct4 na ita kanta ƙwayar, wato ƙwayoyin gadon da ke riƙe ta a matsayin tushe, suna nan a kulle da metil. Da baƙin ƙwayoyin gadon da aka shigar kawai take rayuwa. Shi ya sa rinin alkaline phosphatase, da ake gano ƙwayar tushe da shi, shi kaɗai bai isa shaida ba, domin tun da wuri yake fitowa. A nemi TRA-1-60, wata alama a fuskar ƙwayar tushe, da Nanog, a kuma tabbatar baƙin sun yi shiru.

Wannan shirun ba abin wasa ba ne. A gwajin 2007, kusan kashi 20 cikin ɗari na ɓerayen da aka samar sun yi ƙari, wato tsiro a jiki, saboda c-Myc da ya shige cikin DNA ya sake farkawa. Shi ya sa da yawa suka koma bairos ɗin Sendai, wanda ba ya shiga DNA. Shi ma sai an yi ta dashen ƙwayoyin zuwa sabon mazubi, sau goma ko fi, a duba da PCR, gwajin gano ƙwayoyin gado, cewa ya ɓace.