Tambayoyin Kanada a bakin yaran Agege

Wata ɗalibar jami'a da ke bincike kan juriyar yara ta roƙe ni in taya ta yi wa ɗalibaina tambayoyi a Agege, don ita ba ta jin Hausa. Ajin namu haɗin gambiza ne: 'ya'yan Hausawa 'yan kasuwa, Yarbawa, Ibo, da waɗanda rikicin Boko Haram ya koro iyayensu daga Borno.

Ma'aunin da ta zo da shi ana ce masa CYRM, wato jerin tambayoyin auna juriyar yara da matasa. Michael Ungar da Linda Liebenberg na Jami'ar Dalhousie a Kanada ne suka tsara shi, bayan sun yi aiki da matasa a ƙasashe 11, kuma nau'insa mai tambaya 28 ya fito a 2011. Na yaba da shi ta wani fanni, domin bai tsaya ga taurin zuciyar yaro ba. Yana duba abin da ke kewaye da shi: ko yana da wanda yake koyi da shi, ko ya san inda zai nemi taimako, ko akwai abinci in ya ji yunwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne tambayar ko yaro yana gaya wa iyayensa abin da ke ransa. Wata yarinya mai hankali, wadda kullum takan taya kakarta tuyar ƙosai kafin ta zo makaranta, ta ce a'a kai tsaye. Na ce, "Me ya sa, 'yata?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ni 'yar fari ce. Inna ko sunana ba ta faɗa." A takarda makinta ya faɗi, kamar ba ta da kowa. Alhali duk damuwarta a gaban kaskon ƙosai take sauke wa kakar, ita kuma ta isar wa uwar ta hanyar da ta dace. Kunyar ɗan fari ce, mu mun sani, takardar ce ba ta sani ba. Haka yaron da ke hannun riƙo ya tsaya yana kallona, bai san ko gwaggon da ke ciyar da shi a Legas ake nufi ba, ko iyayensa da ke Katsina.

Maganar yunwa kuwa, a gaban sa'o'insa ba ɗan da zai tona asirin gidansu. "Alhamdulillahi" za ka ji. Sai da muka riƙa jan su gefe ɗaya bayan ɗaya, ina tambaya, "Jiya da daddare me aka ci a gida?" Nan ne wani ya ce gari ya sha, babu ko sukari.

Su kansu masu ma'aunin sun ba da shawarar a fara zama da mutanen wurin, a ƙara tambayoyin da suka dace da su. Muka zauna da iyaye mata da malamin Islamiyya, muka ƙara biyu: wa kake fara gaya wa in abu ya dame ka, kuma wa zai nemo ka in magariba ta yi ba ka dawo ba.

Da ɗalibar jami'ar ta so ta jera maki ƙabila-ƙabila, a ga wa ya fi wa juriya, ban yarda ba. Yaron da ya saba magana ido da ido da babba zai tara maki fiye da wanda aka hore shi da kawaici, ko da na biyun ya fi shi gata. Mun daɗe muna ja-in-ja, daga baya ta raba su bisa wanda ke riƙon yaron da shekarun da iyalin suka yi a Legas.